Ranar hutun ɗan aikin sa-kai a ƙasar waje: hawan dutse da zama gaban masu sana'a

Malamin lissafi, Gombe:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina cikin masu shirin tafiya koyarwa a ƙarƙashin shirin TAC (Technical Aid Corps), wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1987 domin tura ƙwararrun Najeriya ƙasashen Afirka da Karibiyan da yankin Fasifik na tsawon shekara biyu. An yi mana bayanin aiki da masauki, amma ba wanda ya taɓo maganar ranakun hutu. Ina roƙon waɗanda suka riga mu zuwa su gaya mana yadda suka yi da irin wannan rana, musamman idan sun fita daji ko sun ziyarci masu sana'ar hannu.

Malamin jami'a mai ritaya, Azare:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ni a Mbale na koyar, a gabashin Uganda, garin da ke gindin dutsen Elgon mai tsayin mita 4,321. Ranar da ba na mantawa da ita ita ce wadda muka je Sipi a gundumar Kapchorwa, inda magangarun ruwa uku ke bin juna a jikin dutsen, babbar cikinsu tana zubowa daga tsayin kusan mita 100. Bayan sallar asuba muka kama hanya. Ƙasar wurin ja ce mai santsi, kuma hanyar ta ratsa gonakin ayaba da na gahawa, shi ya sa ɗan jagora ke miƙa wa kowa sanda tun kafin a fara hawa, kuma kada girman kai ya hana ka karɓa.

Sai dai abin da ya fi zama mini a rai ba ruwan ba ne. Da muka sauko, jagoranmu ya kai mu gidan wani manomi, aka ɗebo busasshiyar gahawa aka zuba a turmi, aka ba ni taɓarya na surfa har ɓawon ya fita, uwargidan ta sheƙe, aka soya a tukunya bisa murhu ana juyawa har ta yi duhu, sannan aka sake dakawa aka dafa muka sha. Mutumin ya nuna mini yadda ake tsinke jajayen 'ya'yan kaɗai a bar ɗanyu, ya kuma bayyana mini cewa sanyin tsaunin ne ke sa irin Arabika ya nuna a hankali har ya yi ƙamshi. Na daɗe a garin ina koyarwa, amma a tsakar gidan nan na fara gane yadda iyayen ɗalibaina ke haɗa kuɗin makaranta.

Ma'aikaciyar jinya, Bauchi:
Allah ya ƙara girma, Baba, maganarka ta tuna mini da Ruwanda. Ƙanena, idan can aka tura ka, ka je dajin Nyungwe, inda aka rataye wata gadar igiyar ƙarfe mai tsawon mita 160 a saman bishiyoyi, tsakiyarta kuma ta kai kusan mita 70 daga ƙasa. Tana lilo idan ana tafiya a kanta, kuma ba na jin akwai wanda zai hau ta bai ambaci Allah ba.

Da yamma abokiyar aikina ta kai ni wajen wata ƙungiyar mata masu saƙa agaseke, wato ɗan kwandon nan mai murfi mai tsini wanda har a tambarin ƙasar aka zana shi. Da ciyawa da zaren wani tsiro mai suna sisal suke yinsa, ana naɗe zaren a jikin ciyawar da allura ana zagayawa, kusan yadda iyayenmu mata ke ɗinkin faifai, illa dai nasu ya fi ƙanƙanta da matsewa. Bayan kisan kiyashin 1994, irin waɗannan ƙungiyoyi sun haɗa matan da aka kashe wa mazaje da matan waɗanda aka ɗaure a kurkuku, duk suna zama a tabarma ɗaya, kuma wanda ya san wannan ba zai kalli kwandon a matsayin kayan ado kawai ba. Sun ba ni allura na zauna cikinsu har la'asar sakaliya, abin da na saƙa bai cika tafin hannu ba. Tun daga ranar nake ganin rashin adalci ne mai albashi ya tsaya yana taya irin wannan kaya da rabin kuɗinsa, alhali ya ga yawan kwanakin da yake ci.

Injiniyan ruwa, Kaltungo:
Na yarda da Hajiya a kan ciniki, amma ina da ƙari. A Gambiya na yi nawa aikin, na kuma lura cewa akwai wuraren da aka shirya su domin 'yan yawon buɗe ido kawai, inda za a nuna maka sana'ar a gurguje sannan a tura ka rumfar sayarwa. Ranar da na amfana ita ce wadda wani abokin aiki ɗan ƙasar ya ja ni. Da safe muka shiga kwalekwale daga Albreda zuwa tsibirin Kunta Kinteh, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2003, muka ga kangon gidan da ake tsare bayi, ruwa yana ta cin gefen tsibirin. Daga baya ya kai ni wajen wani marini da ke haɗa baba da dakakken goro, baban ya ba da shuɗi, goron ya ba da ruwan ƙasa mai ja-ja. Ban taɓa sanin goro yana rini ba sai a wurin. Malam, ka nemi ɗan gari ya raka ka, ka kuma nemi izini kafin ka ɗauki hoton mai sana'a ko iyalinsa.

Malamin lissafi, Gombe:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, shin ana ba masu sana'ar wani abu ne idan mutum ya zauna koyo, ko sayen kayansu ya wadatar?

Ma'aikaciyar jinya, Bauchi:
Ka yi duka biyun, ƙanena, domin lokacin da suka ɓata suna nuna maka lokacin aikinsu ne, kuma abokin da ya raka ka zai gaya maka abin da ya dace a bayar. Kafin ka tashi kuma ka shiga kasuwar Gombe ka sayi faya-fayi masu kyau da huluna 'yan ɗinkin hannu da ƙananan ƙore masu zane, ba su da nauyi a jaka. Faifan da na kai wa matan nan sai da suka juya shi ciki da baya suna ƙirga ɗinkin, suka tambaye ni da wane ganye aka yi shi, na yi musu bayanin kaba da bishiyar goruba.