Wutar ƙaiƙayi da wutar kara

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya muna hira da kakata sai ta ce wai wata maƙwabciyarmu "wutar ƙaiƙayi ce, ci ƙasa-ƙasa". Ni dai wutar kara na saba ji, wannan kam ban taɓa tsayawa na fahimce ta ba. Don Allah masu Hausa ku warware min, me take nufi?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya. Munafuki ake ce wa haka. Mutum yana maka dariya a fuska alhali ta ƙasa yana cin dunduniyarka, kan ka farga ya gama da kai. In kin taɓa ganin tarin ƙaiƙayi bayan sussuka an yar masa da garwashi, sama za ki ga kamar ba komai sai ɗan hayaƙi siriri, amma sa ƙafa ki ji.

Ɗan Zazzau: Gaskiya Baba ban yarda munafuki kaɗai ba ne. A wajenmu har mai riƙo ana ce masa haka, wanda za a ɓata masa rai ya yi shiru ya haɗiye, shekara guda abin na cinsa a ciki. Shi wannan ai ba mugu ba ne, cutuwa ma yake yi. Wutar kara kuma shi ne mai saurin hawa da saurin sauka, ya yi ta faɗa yanzu anjima ya kawo maka goro.

Malam Na Firamare: Ku ba ni dama in sa baki, don wallahi duk sanda na zo koya wa yara darasin wuta da waɗannan kalmomin biyu nake farawa, nan take suke ganewa. Wuta ba ta ci sai abu uku sun haɗu, abin da za ta ci kamar itace ko kananzir ko gas, da zafin da zai tayar da ita, da kuma iskar oksijin, wadda ita ce kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Cire ɗaya ta mutu. To kara busasshe ne ba nauyi, in aka tara shi akwai kafofi ko'ina iska na ratsawa, shi ya sa yake tashi bal-bal ya cinye kansa cikin 'yan mintuna ya bar ka da toka. Ƙaiƙayi kuwa a cushe yake, iskar da ke shiga kaɗan ce, ba ta isa ta ba da harshen wuta ba amma ta isa garwashin ya rayu, ga tokar sama ta zama masa bargo tana riƙe zafi, sai ya kwana ya wuni yana ci. Kuma ranar da aka sa sanda aka tona shi iska ta samu hanya, sai ka ga ya kama gaba ɗaya.

Ɗan Zazzau: Yawwa Malam, ka ga maganata ta fito kenan! Mai riƙo ranar da aka taɓo shi sai a ga abin da ba a taɓa zato ba.

Baban Sadiq: Yaro ai bayanin Malam ni ma ya goyi bayana, munafuki ma ranar da aka tona asirinsa ne ake ganin irin ɓarnar da ya yi.

Ɗan Maƙera: Ni a maƙera na tashi, tun ina ɗan shekara bakwai ni ke zaman zugazugi. Gawayi in ka bar shi haka nan ja-ja zai yi, ba zai tausasa maka ƙarfe yadda kake so ba, amma ka fara zuga sai ka ga tsakiyarsa ta yi haske har ido ba ya son kallo, gawayin nan dai shi ne ba a ƙara ko ɗaya ba, iska ce kawai aka ƙara. Shi ya sa kullum nake cewa Bahaushe bai yi kuskure ba da ya kira mai haɗa faɗa mai zuga. Ba shi ya kawo gawayin ba, ba shi ya ƙyasta ashana ba, amma ba don shi ba da abin ya mutu da kansa. To Baba in dai munafuki ake nema, ni a wajena shi ne mai zugar, ƙaiƙayin kuwa shi ne wanda ake ci.

Hajiya Mai Ƙosai: Tun da an zo maganar iska bari in faɗa wa mata, don abin ya taɓa faruwa da ni. Mai ya yi zafi a kasko ya kama, 'yata ta ɗauko ruwa a kofi za ta watsa, Allah ya sa na riƙe hannunta. Na janye itacen na kife babban murfin tukunya a kai, na bar shi a rufe har ya huce. Ruwa a kan mai mai ci fallatsa yake yi ya watsa wutar har jikin mutum, don Allah a kiyaye, musamman yanzu da hunturu komai ya bushe.

Malam Na Firamare: Daidai kika yi Hajiya, iska kika toshe mata. Amma murfin nan da ya yi aiki a kasko ba zai yi a ƙaiƙayi ko buhun auduga ko katifa ba, su sai an jiƙa su har ciki an kashe zafin, in ba haka ba a tafi a kwanta ana ganin ta mutu tsakar dare ta tashi.

Maman Ummi: Na gode ƙwarai. Na koma na sake tambayar kaka, ta ce ita ba munafunci take nufi ba, matar tun rabon gadon mahaifinsu ba ta ƙara taka gidan yayanta ba kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa abin da aka yi mata ba. Ta ce gobe in raka ta mu je mu gaishe ta.

Baban Sadiq: To a Kano dai mu munafuki muke ce wa haka, amma tsohuwa ta fi ni sanin maƙwabciyarta. Ki gaishe min da ita.