Masu shan kiriyatin a Zariya, da gaske yana sa mutum ya ciko?

Ɗan Samaru:
Salam 'yan uwa. Ni sabon shiga ne a ɗaga ƙarfe, kilo 54 nake ga ni dogo, a gida ma tsiya ake min. A jim ɗinmu, wato wurin motsa jiki, kowa kiriyatin kiriyatin, garin nan da masu ɗaga ƙarfe ke sha, wannan ya ce sati biyu zan ciko, wancan ya ce ƙodata zan kashe, wani ma cewa ya yi sanƙo yake sawa. Abin kuma ba arha ba. Don Allah wanda ya taɓa sha da kansa ya faɗa mana me ya gani, ban da "an ce".

Na Sabon Gari:
Wa alaikumussalam mutumina. Ni na sha kuma har yanzu ina sha. Da lodin na fara, wato giram 20 a rana a raba shi huɗu na tsawon kwana 5 zuwa 7, daga nan a dawo giram 5 kullum. Kafin satin ya ƙare sikeli ya nuna ƙarin kusan kilo ɗaya da rabi, na dinga murna ina cewa shi ke nan na samo lagon abin, amma da na tsaya gaban madubi ni ne dai, sai hannu da ya ɗan cika kaɗan. Ashe ruwa ne, garin yana jan ruwa ya shigar cikin tsoka. Kuma lodin ɗin nan ya ɗan ɓata min ciki gaskiya, ranar da na haɗa cokali biyu lokaci guda sai da na yi zaryar bayi. Inda na ga amfaninsa na gaske a benci ne, wato ɗaga ƙarfe a kwance, nauyin da nake ɗagawa in tsaya a sau takwas sai na koma ina kai sau goma.

Ɗan Shika:
Bari in sa baki, ni ɗalibin likitanci ne kuma ina sha. Oga Ɗan Samaru ka cire a ranka cewa wani maganin ƙiba ne, ba abinci ba ne kuma ba sitiroyid ba ne. Jikinka ma yana haɗa kusan giram 1 a rana a hanta da ƙoda, sauran ka samu a nama da kifi, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari a tsoka yake zaune. Aikinsa shi ne idan kana abu mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, kamar sikwat ko gudun tsere, makamashin da tsoka ke ƙonawa, wanda ake kira ATP, yana ƙarewa da sauri, to shi ne yake sake cika shi nan take. Shi ya sa Na Sabon Gari ya samu ƙarin biyun nan. Ƙarin biyun nan ne idan suka taru wata da watanni, ga abinci ga barci, suke zama tsoka. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1832 wani Bafaranshe Chevreul ya gano shi a cikin nama, bayan gasar Olamfik ta Basalona a 1992 ne ya bazu a hannun 'yan wasa, har yau hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ba ta haramta shi ba.
Lodin kuma ba dole ba ne, ni ban yi ba. Giram 3 zuwa 5 kullum, cikin sati 3 zuwa 4 tsokar ta cika daidai da na mai lodin, ga cikinka lafiya ga robarka ta daɗe.

Ɗan Kongo:
Hhhh ni kam ku tambaye ni. Na saya da kuɗin da ya kamata in ci abinci da su, sai ya zama ga kiriyatin a ɗaki amma safe garin kwaki, rana taliyar yara, dare abin da Allah ya hore. Robar ta ƙare kaf, abin da na ƙara bai wuce ruwan nan da ake faɗa ba, da na daina sha kuma bayan kamar wata guda ya zube na koma inda nake. Ai ko siminti buhu nawa ka tara idan babu bulo ba za ka ga gini ba.

Baban jim, Tudun Wada:
Yawwa ɗana, ka faɗi abin da nake ta fama da yaran nan a kai. Mu da muka fara da ƙarfen da aka zuba wa siminti a gwangwani ba mu san wani gari ba, daga baya ne na fara sha kuma ban ce ba ya aiki ba, yana yi. Amma duk yaron da ya zo min siriri sai in ce kafin ka sayi komai faɗa min me ka ci jiya. Yawancinsu sau biyu suke cin abinci su ce wai suna ci da yawa. Abin da jiki ke so a rana ka ɗora masa kalori 300 zuwa 500 a kai, furotin kuma kamar giram 1.6 a kowane kilo na nauyinka, kai mai kilo 54 ka nemi wajen giram 85 ke nan. Kuma duk a nan garin akwai, ƙwai ɗaya ma giram 6 ne, ga wake, ga awara da arha, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga kindirmo, ga kifi. Ni da nake neman ciko abin da ya ɗaga ni shi ne fura da nono mai kauri bayan la'asar da kunun gyaɗa da safe, don mai ƙaramin ci ya fi iya sha a kan taunawa. Garau-garau ma kada ka raina shi, ka ce a cika maka wake a sa ƙwai. Kilo ɗaya zuwa biyu a wata ya ishe ka, wanda ya wuce haka yawanci tumbi ne.

Ɗan gidan mahauta:
Ni dai gaskiya ban ga wani abin a zo a gani ba. Na sha yadda aka ce, ba fashi, sikeli bai motsa sosai ba ƙarfi ma kusan yadda yake.

Ɗan Shika:
Ba mamaki malam, ku da nama ba ya yanke muku. Kilo guda na ɗanyen naman sa yana da kiriyatin kamar giram 4 zuwa 5, to mai cin nama kullum tsokarsa ta riga ta kusa cika, wanda ba ya samu shi ya fi ganin canji.

'Yar Gyallesu:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce, yayana Ɗan Samaru duk abin da za ka yi kada wani ya haɗa ka da sha-ka-fashe. Mu mata mun fi sanin wannan bala'in. Wata ƙawata an haɗa mata a wani kemis, ashe dekzametazon ne da maganin buɗe ciki, fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu kuma suna nan sirara, ƙarshe suga da hawan jini aka samu. Kuma ba a yanke shi lokaci guda, sai da likita ya dinga rage mata a hankali. Ni ina shan kiriyatin giram 3 ina atisayena a gida, ban zama namiji ba kamar yadda aka tsorata ni lol.

Ɗan Samaru:
Subhanallah, Allah ya ba ta lafiya. To maganar ƙoda da sanƙo fa? Babanmu yana da sanƙo shi ya sa nake tsoro.

Ɗan Shika:
Sanƙon daga bincike guda ya samo asali, na 2009 a kan 'yan wasan rugbi a Afirka ta Kudu, sun ga sinadarin DHT da ake alaƙantawa da sanƙo ya hau amma ba su auna zubewar gashi ba ma. In na gado ne zai zo ko ka sha ko ba ka sha ba, sai haƙuri. Ƙoda kuma, ga mai lafiya da ke shan daidai ƙima bincike bai nuna yana lalata ta ba, sai dai yana iya ɗaga kiriyatinin, wato sinadarin da ake duba lafiyar ƙoda da shi a gwajin jini, ni ma nawa ya ɗan hau, don haka in za a maka gwaji ka faɗa wa likita kana sha. Amma mai ciwon ƙoda, ko mai suga ko hawan jini, kada ya taɓa sai ya ga likita tukuna.

Na Sabon Gari:
Kuma wajen saye ka duba an rubuta Creatine Monohydrate, shi aka fi yin bincike a kansa kuma ya fi sauran arha. Roba a rufe da hatiminta, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda ake aunawa a ƙulla a leda ba suna ba komai ni ba na saye. Ruwa kuma ka sha sosai musamman zafin Maris da Afrilu.

Ɗan Samaru:
Na gode ƙwarai. Zan fara da tsarin Baba na wata biyu in ga sikeli tukuna. Amma in azumi ya zo yaya kuke yi, a ajiye ne?

Na Sabon Gari:
A'a ni bayan buɗa-baki nake zuba shi a kunu, lokaci ba shi ne matsala ba in dai kullum ne. Baba wai ina kake sayen furar nan taka ne, ta wajenmu duk ruwa ce.