Diski na tera 1 ya koma jiga 32, ina sauran wurin ya shiga?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina da diskin waje na tera 1 da nake tara hotunan biki da bidiyo a ciki. An ara shi don a saka wa wata kwamfuta Windows, da aka maido sai na ga jiga 32 kaɗai yake nunawa, sunansa ma ya koma ESD-USB. Ya lalace ke nan, ko da sauran dabara?

Mai gyara a Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam. Bai lalace ba, ƙanena. Manhajar Microsoft da ake haɗa kilen USB (filashi) na saka Windows da ita ce ta yi wannan aiki: tana share tsarin diski, ta yanki jiga 32 ta yi masa FAT32 (wani tsarin ajiye fayiloli), sauran ta bar shi fili ba rabo. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta diskmgmt.msc. Yawancin injinanmu na nan da Faransanci suke, to Gestion des disques, wato shafin kula da diski, zai buɗe. Za ka ga yanki mai baƙin layi a sama, an rubuta Non alloué, wajen jiga 899. Wurinka ke nan.

Amma kada ka taɓa shi tukuna in kana son hotunanka. Kada ka kwafa ko fayil ɗaya a kai, kada ka yi format. Nemo wani diski mai wuri, ka gwada manhajar ceto fayiloli mai suna TestDisk ko za ta gano tsohon yankin. In ba ta gano ba, sai manhajar PhotoRec, tare suke zuwa kuma kyauta ne. Abin da aka ceto a wancan diskin za ka zuba, ba a wannan ba. Ka sa a ranka cewa abin da ke farkon diski ya tafi, don fayilolin Windows sun hau kansa. A NTFS kuma, tsarin ajiye fayiloli da Windows ya fi amfani da shi, kundin sunayen fayiloli galibi kusa da jiga 3 na farko yake zama, shi ya sa hotuna kan dawo da lambobi a madadin sunayensu. Aikin kan ci yini guda ko fiye, sai ka tanadi wutar da ba za ta yanke ba.

Malamin lissafi, Birni:
Ƙari kan bayanin maigida. Bayan ka gama ceto, ka buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, a matsayin administrateur, ka rubuta diskpart, sannan list disk. Nan ake yin ɓarna: duba girman kowane diski da kyau kafin select disk da lambarsa, don umarnin clean, mai share diski, ba ya tambaya sau biyu, diskin da ka zaɓa shi zai share ko da na cikin kwamfutarka ne. Daga clean sai create partition primary, sai format fs=ntfs quick, sai assign. In za ka riƙa jona shi da Mac, exfat za ka sa a madadin ntfs. Kada ka wahalar da kanka da Étendre le volume (zaɓin faɗaɗa yanki a Gestion des disques), ba ya aiki a kan FAT32, kuma FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai jiga 4.

Jiga 931 za ka gani a ƙarshe, ba 1000 ba. Ba cuta ba ce: kamfani da 1000 yake ƙirga, Windows da 1024.

Ɗan Zango:
Na gode, Allah ya saka. Na duba, baƙin layin yana nan. Wani abokina kuma nasa na tera 4 ne, tera 2 yake nuna masa. Ciwo ɗaya ne?

Mai gyara a Kasuwar Dole:
A'a, nasa MBR ne, tsohon tsari da ba ya wuce tera 2. Ya kwashe kayansa, ya yi clean, ya rubuta convert gpt (GPT shi ne sabon tsarin) kafin ya yanka yankin, zai samu jiga 3726. In kuwa diskin na arha ne marar sunan kamfani, ya fara gwada shi da manhajar H2testw mai auna ainihin girman diski, don akwai na jabu da ke ƙaryar girma, kuma wannan babu umarnin da ke gyara shi.