Musayar waƙa a kan bankin garinmu da aka garƙame

Ɗan Auduga: Assalamu alaikum. Jiya ina gyara akwatin marigayi mahaifinmu sai na ci karo da littafin ajiyarsa na banki, mai koren bango, naɗe cikin leda tare da takardun haraji. Hatimin ƙarshe da ke ciki na shekarar 1989 ne, shekarar da aka rufe ɗan bankin garinmu da ke kan hanyar Garwa zuwa Marwa a arewacin Kamaru, aka nemi manaja aka rasa. Ga abin da ya zo mini, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah zan buɗe zance,
A kan wani banki da ya rushe ya kwance,
Gumin manoma a ciki ya ɓace,
Aka wayi gari da kwaɗo a ƙofa.

Baba ya kai kuɗin audugarsa,
Ya hana kansa, ya hana 'ya'yansa,
Yana tanadin kujerar Makkarsa,
Manaja ya kwashe ya bar shi da ƙwafa.

Da dare ya fice babu ko sallama,
Ba a kama kowa ba, ba a ji hukuma,
Tsoho yana zuwa yana komawa kuma,
Da littafi a hannu har ya tsufa.

Malam Na-Kusiri: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, amma babu kotun da na ji ta kama manajan nan da laifi. Ka tuna cewa a 1989 ɗin nan aka rushe manyan bankunan Kamaru irin su SCB da BCD da Cameroon Bank, bayan farashin man fetur da koko da kofi da auduga ya faɗi, har gwamnati ta kafa hukumar SRC domin ta bi bashin da aka ci aka ƙi biya.

Ɗana, riƙe harshenka a hankali,
Zato ba ya zama shaida gun alƙali,
Ka tsaya ka bi zance daga asali,
Kafin ka ɗauki dutse ka jefa.

Manya suka ɗebi bashi ba niyyar biya,
Da wasiƙar wani babba aka ba su dukiya,
Su ne suka cinye kuɗin masu ajiya,
Aka sami manaja, kashin kaji aka shafa.

Ɗan Auduga:

Malam, wa ya ba ka aikin wanka?
Ko manajan nan surukinka ne ko ɗanka?
In bai ci ba, don me bai tsaya gabanka,
Ya bar gari da dare yana sassarfa?

Gidan sama ya gina, da wane albashi?
Ya aurar da 'ya, gari duk ya ji ƙamshi,
Muna ganin hayaƙi ka ce mana bashi,
Kuɗin ubana ne aka dafa.

Gwaggo Ta-Marwa: Allah ya yi maka albarka, ɗana, ka faɗi abin da ke cinmu shekara da shekaru. Baitin hayaƙin nan shi kaɗai ya fi duk abin da Malam ya jero, kuma wanda bai tsaya a rana a bakin ƙofar nan ba bai kamata ya koya mana haƙuri ba.

Ni ma na tsaya a ƙofar da goyona,
Adashin mata goma sha biyu a wuyana,
Suka ce ni na ci, suka ɓata sunana,
Na sayar da tasoshin aurena a rumfa.

Ɗalibi Na-Ngaundere: Gwaggo, ki yi mini afuwa, ban raina asararki ba, amma yabo ma yana da ma'auni. Ɗangon (wato layin waƙa) da Yaya Ɗan Auduga ya ce "Malam, wa ya ba ka aikin wanka" gaɓa goma ne, wanda ke bi masa kuwa gaɓa goma sha uku, saboda haka baitin ya yi ɗingishi tun daga ɗango na biyu. Haka kuma ɗango na uku ya rasa "ba" ɗinsa na ƙarshe, an yanke shi ne kawai don amsa-amo ya zauna.

Gwaggo Ta-Marwa: To, ɗana mai ƙirga, ka koma ka ƙirga na Malaminka. Ɗangonsa na kashin kaji gaɓa goma sha biyar ne, ban ji ka ce uffan ba.

Ɗalibi Na-Ngaundere: Na ƙirga, Gwaggo, kuma kin yi daidai, shi ma ya zarce. Sai dai a ilimin aruli, wato ilimin ma'aunin waƙa, ba yawan gaɓa kaɗai ake dubawa ba, ana duba yadda gaɓa mai nauyi da marar nauyi suke jeruwa, kuma a nan ne nake ganin Malam ya fi Yaya riƙe kari a baitinsa na farko, wanda ya ƙare da "jefa".

Ɗan Auduga: Ƙanena, ni da kunne nake auna waƙa, kamar yadda iyayenmu suke rera ta a gona, kuma mai rerawa yakan haɗiye gaɓa ya ja wata. Na yarda da batun "ba" ɗin, zan gyara. Amma ka lura cewa tun ɗazu muna ƙirga gaɓa, Malam bai amsa tambayar gidan sama ba.

Alhaji Na-Njamena: Ku gafarce ni, kwana uku ina hanya, sai yau na karanta. Abin da ba ku ambata ba shi ne watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, wanda ya shafe mu a Cadi kamar yadda ya shafe ku. Hukumar COBAC mai sa ido a kan bankunan ƙasashenmu shida na tsakiyar Afirka sai a 1990 aka kafa ta, bayan ɓarna ta auku, asusun da ke lamunce wa mai ajiya har sefa miliyan 5 kuwa ya zo ne shekaru kusan ashirin bayan haka.

Ku bar gardamar kari, ga wata magana,
Wanda ya jira haƙƙinsa shekara da kwana,
Ko an biya shi bayan dogon shan rana,
Ya tarar an karya darajar sefa.

Makiyayi ya ce gara saniyarsa,
Ɗan kasuwa ya koma ga tukunyarsa,
Kowa ya ɗinke kuɗi a matashinsa,
Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja ƙafa.

Malam Na-Kusiri: Na yi shiru ne domin abin da zan faɗa yana da nauyi a kaina. Ba ni da dangantaka da mutumin nan ta jini ko ta aure, kuma gidan saman ni ma na gan shi, ban san da me aka gina shi ba. Gwaggo, ni ma na tsaya a ranar nan, ta bayan ƙofa.

Ni ne akawun da ya buga wannan hatimi,
Na rubuta bashin manya da alƙalami,
Albashina na wata bakwai ya faɗa rami,
In manaja ya tsoma yatsa, wasu sun zura ƙafa.

Gwaggo Ta-Marwa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe kai ne saurayin nan mai tabarau da ke zaune kusa da taga, wanda yake lasar yatsa kafin ya ƙirga mana kuɗi.

Ɗan Auduga:

Baba, na janye zancen suruki,
Tunda kai ma an cuce ka a wurin aiki,
Amma sunaye na nan ka riƙe a ciki,
Faɗa mana, asirin wa za ka rufa?