ref_tag yana faɗuwa a kowace sekta in ban da ta farko

ɗan_direba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta direban faifai a Linux, kan inji x86, kuma na kunna kariyar bayanai ta T10, wato bayit 8 ɗin nan da ke bin kowace sekta mai bayit 512: biyu na guard_tag (lissafin tantance bayanan sektar), biyu na app_tag (filin da aka bar wa manhaja), huɗu na ref_tag (lambar sektar). Nau'i na 1 na wannan kariya nake amfani da shi. Rubutu a LBA 0, wato sekta ta farko, yana wucewa lafiya lau. Da na taɓa LBA 1 sai faifan ya dawo min da lambar kuskure ASC 0x10, ASCQ 0x03, wato binciken ref_tag ya faɗi. Lambar sektar nake zubawa kai tsaye cikin ref_tag, kamar yadda ƙa'ida ta ce. To ina gizo ke saƙar?

baba_scsi:
Wa alaikumus salam. Amsar tana cikin tambayarka, ɗana. Sifili ko ta ina ka karanta shi sifili ne. Amma 1 a x86 ana ajiye shi 01 00 00 00, ƙaramin bayit a gaba, alhali faifai yana jiran 00 00 00 01. Duk filayen nan uku babba-a-gaba ne, wato babban bayit ke zuwa farko, shi ya sa struct t10_pi_tuple ya ayyana su da __be16, __be16, __be32. Sa cpu_to_be32 wajen rubutu, be32_to_cpu wajen karatu.

Kada kuma app_tag ya ruɗe ka don ka ga bai yi ƙorafi ba. In 0xFFFF ke ciki, juya shi ba ya canza komai, kuma wannan ƙimar ma cewa take yi a bar binciken sektar gaba ɗaya.

ɗan_direba:
Allah ya saka da alheri, Baba, ya wuce. To guard_tag fa, shi ma juyawa zan riƙa yi kullum?

malama_nvme:
A'a, nan ne ake zamewa. In lissafin tantancewa na CRC ne ke cikin guard_tag, crc_t10dif tana ba ka lamba a tsarin injinka, sai ka bi ta da cpu_to_be16. In kuwa katinka yana karɓar lissafin IP na DIX ne (DIX ita ce kariyar bayanai tsakanin inji da katin faifai), ip_compute_csum tana dawo da __sum16, wanda ya riga ya zauna yadda ake so. Ka sake juya shi, ka ɓata.

Ranar da ka koma NVMe, wato wata ƙa'idar magana da faifai ta daban, kuma ka buɗe ido sosai. Umarninsa ƙarami-a-gaba ne, don haka reftag na cikin umarni da cpu_to_le32 ake cika shi, amma wanda ke tafiya tare da bayanan babba-a-gaba ne. Lamba ɗaya, tsari biyu, a direba ɗaya. Sabon tsarin mai bayit 16 da CRC mai bit 64 ya ƙara da ref_tag mai bit 48, sai put_unaligned_be48.

Ni dai ban yarda da idona ba a wannan harka. Gina da make C=1, sparse, mai binciken rubutun direba lokacin gini, zai kama duk inda ka cusa u32 cikin __be32. Kuma __force ba maganin gargaɗi ba ne, toshe masa baki ne kawai.

baba_scsi:
Gaskiyar Malama. Ƙari ɗaya: kada ka gwada direbanka da kansa kaɗai, don in rubutu da karatu sun yi kuskure iri ɗaya za su rufa wa juna asiri. Loda scsi_debug, wato faifan gwaji na kwaikwayo, da dif=1 dix=1, sannan in da hali ka tayar da s390x, wanda inji ne babba-a-gaba, a QEMU mai kwaikwayon injuna, ka maimaita gwajin a can.