Aron malamai zuwa hukumomin jiha: shekara 2 kawai ko a bar ƙofar sabuntawa?

Tsohon Hedimasta: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so mu tattauna: duk malamin da aka ɗauke daga aji aka ba wata hukumar jiha aro, ko hukumar alhazai ce ko ta tattara haraji, a mayar da shi aji da ya cika shekara 2, ba sabuntawa. Dalilina, malamin ya tafi amma sunansa na nan a jerin masu karɓar albashi na sashen ilimin ƙaramar hukuma. A takarda gurbinsa a cike yake, don haka ba za a ɗauki wani ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami 1 ga yara 35 a firamare, amma da an ɗauke mutum ɗaya sai a haɗe aji biyu a ɗaki guda, na baya ko allo ba sa gani.

Jami'ar Harkokin Ma'aikata: Wa alaikumus salam, Malam. Ai wa'adin yana nan tun da daɗewa. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya na baya, bugun 2008, waɗanda na jihohi da yawa ke kwaikwayo, sun raba aro gida biyu. In ma'aikaci ne ya nema da kansa, shekara 2 ce da farko, daga nan ko ya nemi ƙari, ko ya koma can gaba ɗaya, ko ya dawo, kuma jimilla ba za ta wuce shekara 4 ba. In gwamnati ce ta tura shi don maslahar jama'a, babu iyaka. Sannan hukumar da ta aro shi ita ya kamata ta biya albashinsa.

Tsohon Hedimasta: Hajiya, wannan ƙofa ta biyu ita ce ɓarakar. Duk mai uwa a gindin murhu sai a rubuta masa maslahar jama'a.

Akawun Albashi: Ni a ganina kuɗi ne tushen abin, ba yawan shekaru ba. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Hukumar da ta aro mutum ba ta biya ko sisi, to me zai sa ta sake shi? A yi abu uku: ranar da ya karɓi takardar sallama a ɗauke sunansa daga jerin makarantar a kai wa hukumar, a tsayar da alawus ɗin koyarwa na kashi 27.5 a jihohin da ke biya tunda ba ya koyarwa, kuma a bayyana gurbinsa a buɗe don a sa na wucin gadi. Kafin shekara ta zagayo rabin hukumomin za su ce ba sa buƙata.

Malamar Sashen Jarrabawa: Yallabai Hedimasta, ban yarda da hana sabuntawa ga kowa ba. Akwai aikin da sai malami: tsara manhaja, shirya tambayoyin jarrabawa, sa ido kan makarantu a SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Wanda aka kai sashen jarrabawa, shekarar farko koyo yake, a ta biyu hannunsa ke faɗawa. In ka cire shi a nan, kullum da sabbin hannu ake aiki, kuma a lokacin miƙa aiki ne takardu ke ɓata. A raba su: hukumomin ilimi shekara 2 da ƙari sau ɗaya, waɗanda ba ruwansu da ilimi shekara 2 tak.

Jami'ar Harkokin Ma'aikata: Akwai kuma ranar farawa da ƙarewa, wadda ba a cika kula da ita ba. Takarda na fitowa a watan Fabrairu, malamin lissafi ya bar ɗaliban ajin ƙarshe ana saura 'yan watanni jarrabawar WAEC. A ƙayyade cewa ba a sakin malami sai an rufe shekarar karatu, kuma ya dawo da buɗewar zangon farko a Satumba.

Akawun Albashi: Dawowar ma aiki ce. A 2021 gwamnatin Kano ta ba da umarnin mayar da ma'aikata kimanin 5,000 masu shaidar koyarwa zuwa makarantu. Irin wannan shara ta lokaci guda tana nuna an daɗe ba a bibiyar takardun kowa. Mutumin da ya yi shekara goma a ofis, manhaja ta sauya a bayansa, sai an sake horar da shi kafin ya riƙe alli.

Tsohon Hedimasta: Malama, na karɓi rabon da kika yi, da sharaɗi: kafin a sabunta, shugaban makarantar da aka ɗauke shi ya sa hannu cewa akwai mai koyar da darasinsa.

Malamar Sashen Jarrabawa: Hedimasta ba zai iya ƙin sa hannu ba in takardar daga ofishin kwamishina ta fito, Yallabai. Gara a ɗora wa kwamfutar albashi: ranar da wa'adi ya cika albashi ya tsaya da kansa, sai an shigar da takardar kama aiki daga makaranta ko amincewar hukumar kula da malamai.