Shawarwarin Manya Ga Likitan Da Zai Zauna Firamare

Da aka zauna da likitocin da suka riga mu shiga horon ƙwarewa, kusan bakinsu ya zo ɗaya: a rubuta jarrabawar firamare, wato jarrabawar farko ta neman shiga horon ƙwarewar likitoci, da wuri, lokacin hidimar ƙasa, kafin ilimin sassan jiki da na aikin gaɓoɓi su gudu daga kai. Ƙofar jarrabawar biyu ce, kwalejin ƙasa ta horon ƙwarewar likitoci da ke Ijanikin a Legas, da takwarorinta na Afirka ta Yamma. Wanda aljihunsa zai ɗauka, ya gwada duka.

Kan karatu aka fi daɗewa. Tsofaffin tambayoyi ne ginshiƙi, amma wata babbar likita ta ja kunne: a bi kowace amsa zuwa littafi, don amsoshin da ke yawo a WhatsApp cike suke da kuskure. Wani ya ce awa biyu bayan Asuba ta fi masa dare guda yana gyangyaɗi a ɗakin kwana na asibiti, wayar kira tana ƙara. Na yarda da shi.

Zaɓen fanni kuwa, nan aka rabu. Wasu na duba kuɗi, wasu na duba barci. Kuma cin jarrabawar ba shi ne samun gurbin horo ba. Wannan wani layin jira ne.